Daga Rabon Gurasa Zuwa Allon Aji: Tarihin Koyar da Yara Lissafin Kaso

A shekarar 1978, a wata jarrabawar auna fahimtar ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya a Amurka, an nemi yara ƴan shekara 13 su ƙiyasta abin da za a samu idan aka haɗa 12/13 da 7/8, ba tare da sun tsaya yin aiki a takarda ba. An jera musu amsoshi: 1, 2, 19 da 21. Amsar da ta dace ita ce 2, domin kowane ɗaya daga cikin kason nan biyu saura ƙiris ya cika ɗaya. Amma kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya zaɓe ta. Fiye da rabinsu sun tafi ga 19 ko 21, wato sun tara lambobin sama kaɗai ko na ƙasa kaɗai. Yaran nan sun shafe shekaru ana koya musu lissafin kaso, sun haddace ƙa'idojinsa, sai dai lamba bisa lamba ba ta zame musu adadi guda mai girmansa ba.

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ƴan aji huɗu ko biyar na firamare, a Maraɗi ne ko a Tamale ko a Garwa, ya san wannan ciwo. Abin mamakin shi ne, yarinyar da ke rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5 a allo ita ce wadda ba a iya cutarta da rabin tiya a wurin talla. Tarihin wannan fanni yana bayyana dalilin haka. Ɗan Adam ya iya rabo tun fil azal, amma rubuta rabon da lamba a sama, lamba a ƙasa da layi a tsakani ya ɗauke shi dubban shekaru. Abin da ya zo a ƙarshe a tarihi shi ne makaranta ta saba ɗora wa yaro a farko.

Gurasa tara, mutum goma

Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan koyon lissafi da suka rage a duniya shi ne wata doguwar takardar fafirus ta Masar, wadda ta haura mita biyar. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe ta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma shi da kansa ya nuna cewa daga wani rubutu da ya girme shi da kusan ƙarni uku ya ɗauko. Wani ɗan Sukotlan mai suna Alexander Henry Rhind ya saye ta a Luksor a 1858, shi ya sa ake kiranta da sunansa, kuma mafi yawanta yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Takardar ba ta fara da wani bayani a kan mece ce kaso ba. Ta fara da jadawali, sannan ta shiga rabon gurasa: gurasa ɗaya tsakanin mutum goma, sai biyu, sai shida, bakwai, takwas, tara. Ɗaliban da aka yi ta dominsu za su zama magatakardan da ke biyan leburori ladansu da gurasa da abin sha, don haka rabon shi ne aikin da ke jiransu.

Masarawa suna da wata ɗabi'a da ke ba mai karatu na yau mamaki. In aka cire kashi biyu cikin uku, wanda ke da alamarsa ta musamman, ba su cika rubuta kaso ba sai mai ɗaya a sama: ɗaya cikin biyar, ɗaya cikin talatin, da makamantansu. Kuma ba su maimaita kaso guda sau biyu. Saboda haka 2/5 a wurinsu 1/3 ne da 1/15, sannan 2/7 shi ne 1/4 da 1/28. Jadawalin farkon takardar ya bi irin wannan har zuwa 2/101. Da aka zo ga gurasa tara tsakanin mutum goma, Ahmes ya ba kowa 2/3 da 1/5 da 1/30.

A ido wannan wahala ce kawai, tunda ana iya cewa 9/10 a wuce. Amma sai a dubi mai rabon a tsaye gaban ma'aikata goma masu jin yunwa. Idan ya yanki kashi ɗaya cikin goma daga kowace gurasa, mutum tara za su tafi da gurasa kusan cikakkiya, na goman kuwa a tara masa gutsattsari tara. Lissafi ya yi daidai, amma rigima ba za ta rasa tashi ba. A tsarin Ahmes kowa zai karɓi babban yanki, da matsakaici, da ɗan ƙarami, iri ɗaya da na ɗan'uwansa. Wasu masana suna ganin wannan na cikin dalilan da suka raya tsarin, wato adalcin da ido ke gani. Ko ma mene ne dalilin, akwai wani abu a takardar da ya kamata malamin firamare ya lura da shi. Idan magatakardan ya zo tara kaso daban-daban, yakan rubuta wasu ƙananan lambobi da jan tawada a ƙarƙashinsu, waɗanda ke nuna nawa kowane kaso zai kai idan aka mayar da su duka kan ma'auni guda. A misalin gurasar nan, in aka ɗauki talatin, 2/3 zai zama 20, 1/5 ya zama 6, 1/30 ya zama 1, jimla 27 cikin 30. Wannan shi ne abin da ake fama da yara a kansa yau da sunan daidaita lambobin ƙasa.

A Babila, ƙasar Iraƙi ta yanzu, an bi wata hanya dabam. Ƙidayarsu a kan sittin take, kuma sittin lamba ce mai sauƙin kai: tana rabuwa gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30 ba tare da saura ba. A birnin Nippur an tono ɗaruruwan allunan yumɓu na ƴan makaranta, na wajen ƙarni na 18 kafin Miladiyya, wasu ma malami ya rubuta a ɓangare guda ɗalibi yana kwaikwaya a ɗaya ɓangaren, yana shafewa yana sakewa, kamar dai yadda almajiri ke wanke allonsa. Cikin abin da suke haddacewa akwai jadawalin da ke cewa abokin 2 shi ne 30, na 3 shi ne 20, na 4 shi ne 15. Idan za su raba da huɗu sai su ninka da sha biyar. Ƙa'idar nan ta “juya ka ninka” da ake rera wa yara a aji, asalin tunaninta ke nan. Gadonsu kuma yana ɗaure a hannun kowa: sa'a minti 60 ce, shi ya sa “saura kwata” take nufin minti 15 cif.

Mutanen Sin su ne suka fara tsara ƙa'idojin kaso kusan yadda ake da su yanzu. A littafinsu na Babi Tara, wanda ya kammalu wajen ƙarni na farko na Miladiyya, babin farko a kan awon gonaki yake, kuma a nan aka bayyana tarawa, ɗebewa, ninkawa da raba kaso. Lambar ƙasa “uwa” suke kiranta, ta sama kuma “ɗa”, suna ne da yaro ba zai manta ba. A Indiya, zamanin Brahmagupta wanda ya rubuta babban littafinsa a 628, ana ɗora lamba bisa lamba, sai dai babu layi a tsakaninsu.

Malaman gado

Inda lissafin kaso ya samu gida na dindindin shi ne ilimin fara'id, wato rabon gado a Musulunci. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun ƙayyade kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Daga nan ya zama dole a samu, a kowane gari, wanda ya iya haɗa waɗannan kaso ya fitar wa kowa haƙƙinsa. Kuskure a nan ba jan biro yake jawowa ba, cin dukiyar maraya ne.

Hanyar da malaman fara'id suka bi tana da tsabta ƙwarai. Kafin a taɓa dukiya, sai a nemi “asalin mas'ala”, wato ƙaramar lambar da duk kason da ke cikin mas'alar za su fita daga gare ta ba tare da karyewa ba. Asalan guda bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, ɗan ya kwashe saura. Takwas da shida suna haɗuwa a 24, don haka sai a kasa dukiyar kashi 24: mata 3, uwa 4, ɗa 17. Babu wanda ya rubuta lamba bisa lamba, amma an tara 1/8 da 1/6, an ɗebe su daga ɗaya, kuma kowa ya ga rabonsa a ƙasa.

Akwai ma inda kason ke wuce dukiyar. Mace ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. A kan asalin shida, 3 ne da 4, jimla 7, alhali shida ake da su. Maganin da jumhurun malamai suka tafi a kai, wanda ake dangantawa da zamanin Sayyidina Umar, shi ne “auli”: a kasa dukiyar gida bakwai maimakon shida, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Mas'alar da ake kira Minbariyya, wadda ake jinginawa ga Sayyidina Ali, ita ma haka take: mata, ƴaƴa mata biyu, uwa da uba, asalin 24 ya hau zuwa 27, sumunin matar ya koma tusu'i, domin 3 cikin 27 ɗaya ne cikin tara. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya riga ya gane abin da ke gagarar yara da yawa a yau, wato idan lambar ƙasa ta ƙaru, rabo raguwa yake yi.

Saboda wannan buƙata ce hisabi da fara'id suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Littafin aljabara na Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen 820 a zamanin Halifa Ma'amun, kusan rabinsa mas'alolin wasiyya ne da gado. A Magrib kuwa, a ƙarni na 12, Abubakar al-Hassar, wanda shi ma masanin rabon gado ne, shi ne marubucin farko da aka sani ya ja layi tsakanin lambar sama da ta ƙasa. Daga zamanin Ahmes zuwa wannan ɗan layi an yi shekara fiye da 2,600. Bayansa Ibn al-Banna na Marrakesh (1256–1321) da al-Ƙalasadi, wanda ya rasu a 1486, suka ci gaba da wannan layi na karatu. Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, malamin ƙarni na 16 wanda kowane almajiri a ƙasar Hausa ya san littafinsa na ibada da sunan Ahalari, yana da wani aikin mai suna Durratul Baida'u a kan hisabi da fara'id. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano da Damagaram da Agadas, ita ma tana da babin gado.

Ta wannan ƙofa ce kalmomin kaso suka shigo Hausa. “Rabi” kalmar gida ce, daga “raba” ta fito. Amma sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri duk aro ne daga Larabci, kuma sun tsaya a goma ne saboda a nan na Larabcin suka tsaya. Masana hisabi na Larabawa suna kiran waɗannan kaso masu furtuwa, wanda ya wuce su kamar ɗaya cikin sha ɗaya kuwa sai su ce “kurma” ne, domin ba shi da suna na kansa. Gaskiya ne fara'id ba karatun ƙananan yara ba ne, sai ɗalibi ya yi nisa yake kai wa gare shi. Amma kalmomin sun fita daga zaure sun shiga gona da kasuwa. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya san dami ɗaya cikin goma ne zakkar abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ne ga noman da aka sha wahalar ban ruwa, kuma attajiri ya san rubu'in ushiri, wato ɗaya cikin arba'in.

Layin ya ƙetare teku

Wani saurayi ɗan birnin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi hisabi a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke kula da harkokin fataken garinsu. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, ya kai wa Turai lambobin Indiya da layin kaso. Har ma yakan rubuta kason a hagun cikakkiyar lamba, bisa al'adar masu rubutu daga dama. Kalmar da Turanci da Faransanci ke kiran kaso da ita daga Latin take, ma'anarta “karyayye”, daidai da “kasr” na Larabci.

A gefe guda kuma wata dabara tana tasowa, ta rubuta kaso bisa goma-goma. Al-Uƙlidisi ya taɓa ta a Dimashƙa a 952, al-Kashi ya tsara ta sosai a Samarƙand a 1427, sannan Simon Stevin ya yaɗa ta a Turai da wani ɗan ƙaramin littafi a 1585. Stevin ya yi kira a mayar da kuɗi da ma'aunai su ma kan goma. Faransa ta amsa wannan kira bayan juyin juya hali, ta kafa tsarin mita da faran mai santim 100 a 1795, kuma dokar ilimi ta 1833 ta sa ma'aunan hukuma cikin darussan firamare. Ingila ta ƙi. Ta riƙe fam mai sule 20, sule mai kwabo 12, ƙafa mai inci 12, har zuwa 1971 da ta sauya kuɗinta.

Wannan saɓani na Turawa biyu ya biyo su har ƙasar Hausa, ya raba yaran gida ɗaya. Yaron da ya shiga boko a ɓangaren Ingilishi, tun daga makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, kaso yana cikin aljihunsa. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa, ɗari rabin kwabo, anini kuwa ushirin kwabo. Fam kwabo 240 ne, don haka sulusinsa sule 6 da kwabo 8 ne ba saura, sumuninsa sule 2 da sisi. Lissafi ne mai gajiyarwa, yara sun sha bulala a kansa, amma kowace aika kasuwa bita ce ta darasin. Takwaransa na ɓangaren Faransi mita da lita da kilo ya tarar, da lambobi masu waƙafi, cikin harshen da ba a yi masa magana da shi a gida. Nauyin da kasuwa ta ɗora masa wani ne dabam: malam yana ƙirga faran, uwarsa tana ƙirga dala, kullum yana ninkawa ko rabawa da biyar a ka, faran 100 dala ashirin.

Gana ta koma sidi a 1965, Nijeriya ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973. An huta da wahala mai yawa, amma an yi wata asara da ba a cika ambata ba. Ɗari ba ta rabuwa gida uku ko shida ko takwas. Sulusi da sudusi da sumuni sun fita daga kuɗin hannu, suka rage a littafin makaranta da zauren malamin gado kawai.

Ƙa'ida ko fahimta

A Turai ma, tsawon ƙarnoni, koyar da kaso hadda ce: ga ƙa'ida, ga misali, ga ayyuka hamsin. Wanda ya yi fice wajen ƙalubalantar haka shi ne Johann Heinrich Pestalozzi (1746–1827) na Suwizalan. Ya yi alluna masu murabba'ai da aka tsaga gida biyu, uku, huɗu har goma, yara suna kallo suna faɗin abin da suka gani da baki kafin a nuna musu yadda ake rubuta shi. Warren Colburn ya kai wannan hanya Amurka da littafinsa na 1821, wanda tambayoyin baka ne a kan raba tuffa da makamantansu. Maria Montessori ta zo da faya-fayan da ake cirewa yanki-yanki, Georges Cuisenaire, malamin firamare a Beljiyam, ya wallafa bayani kan sandunansa masu launi a 1952. Dukansu, ta hanyoyi mabambanta, komawa suka yi ga gurasar Ahmes.

Sai guguwar “lissafin zamani” ta taso bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957. Manyan masana suka ga ya kamata a gina lissafin yara tun daga tushe a kan nazarin rukunoni da tsattsauran ma'anoni. Guguwar ta iso Afirka mai amfani da Ingilishi ta shirin Entebbe da aka fara a Yuganda a 1962, ta shiga firamaren Faransa da manhajar 1970, daga can ta gangaro ƙasashen da ke bin tsarinta. An bai wa malaman da ba a horar ba littattafan da iyaye ba su gane ba, a azuzuwan da ko alli wani lokaci babu. Nijeriya ta soke shirin a 1977. Niyyar masu shi kyakkyawa ce, amma sun ƙara nisanta yaro daga rabon da ya sani, kuma da aka watsar da shi, azuzuwa da yawa hadda suka koma.

A 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa suka bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa fahimtar kaso da rabawa a wajen shekara goma tana nuna yadda yaro zai kasance a aljabara bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da sauran ƙwarewarsa. Yaron da ya faɗi a nan ba kasafai ake gane ya faɗi ba sai a sakandare, lokacin da ƙofar kimiyya ta riga ta rufe masa.

Batun harshe yana da nasa muhimmanci. A wani nazari na 1999, Irene Miura da abokanta sun kwatanta ƙananan yara na Koriya da Kuroshiya da Amurka, suka ga na Koriya sun fi saurin haɗa kaso da hotonsa. Harshen Koriya, kamar na Sin, yana karanta 1/3 da ma'anar “cikin kashi uku, ɗaya”. Hausa tana da irin wannan gata, sai dai tana da hanya biyu, kuma ba ɗaya suke ba. “Ɗaya bisa uku” wurin zaman lambobi a takarda kawai take faɗa. “Kashi ɗaya cikin uku” kuwa ma'anar take faɗa. Abin takaici, ta farkon ce ta fi yawa a bakin malamai, domin ita ta yi kama da abin da ke allo. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda Nijar ta fara a Damagaram a 1973, da manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 da ta ce a fara da harshen uwa, sun buɗe damar amfani da ta biyun, ko da yake aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya.

Kayan aikin ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Yaron da ya ga watanda ya san sa ɗaya tsakanin mutum takwas bai kai sa ɗaya tsakanin mutum huɗu tsoka ba, don haka ba zai ce 1/8 ya fi 1/4 ba idan aka tambaye shi da wannan harshe. Abin da ya rage wa malami shi ne ya tsaya a kan sharaɗin daidaito, domin a maganar yau da kullum ana cewa “ba ni babban rabin”, alhali a lissafi rabi ba shi da babba. Yarinyar da ta rubuta 2/5 kuwa, tambaya ɗaya ta ishe ta: wanda yake da rabin tiya aka ƙara masa sulusi, yaya za a yi abin hannunsa ya kasa rabi? Daga nan sai a nemi asalin mas'ala yadda malamin gado zai yi, a kasa tiyar gida shida, uku da biyu su ba da biyar.

Wahalar ba ta tsaya kan yara ba. A littafinta na 1999, Liping Ma ta ba malaman firamare na Amurka da na Sin wannan aiki: su raba 1 3/4 da 1/2, sannan su ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Cikin malaman Amurka 23, ɗaya ne kaɗai ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Da yawa sun ba da labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa ce da 2, ba da 1/2 ba. Mafi yawan malaman Sin, waɗanda shekarun karatunsu ba su kai na takwarorinsu ba, sun kawo labarai masu kyau, wasu ma fiye da ɗaya.

A kasuwar hatsi labarin ba shi da wuya. Mace tana da gero mudu ɗaya da rabi da kwata, tana sayarwa da ƙaramin kwano mai cin rabin mudu. Kwano nawa za ta auna? Mudun farko ya ba da biyu, rabin ya ba da na uku, sai kwatan mudu ya rage a faifai. Wannan kwatan, in aka zuba shi a kwanon, rabinsa zai kai. Amsa ita ce kwano uku da rabi, kuma ta fi geron da aka fara da shi yawan lamba, abin da ke rikitar da duk yaron da aka gaya wa cewa rabawa kullum ragewa take yi. Malami zai iya rubuta 7/4 × 2/1 = 14/4 a allo bayan an share geron daga tebur.